Danshin Ɗakin Baba Gwadabe

A layinmu na Takur babu wanda bai san Baba Gwadabe yana fitsarin kwance ba. Ba leƙa ɗakinsa muka yi ba. Surukarsa Hajiya Zulfa ce ta sauƙaƙa mana, domin kullum da hantsi sai ta sa maigadi ya ɗora katifarsa a kan katanga, ta ɓangaren da ke kallon titi, inda a cewarta rana ta fi bugawa. Mai tafiya ofis ya gani, mai kai yara makaranta ya gani, mai tallar kayan miya ya gani. Kowa ya girgiza kai ya ce tsufa ke nan, Allah Ya ba Alhaji Abdulrauf ladan haƙuri da mahaifi. Ni ma na faɗi haka, ba sau ɗaya ba, ga shi ƙofar gidana tana kallon tasu.

Baba Gwadabe mai gyaran famfo ne. Shekara talatin da wani abu ya yi yana ja wa gidajen Dutse ruwa, kuma rabin gidajen unguwarmu hannunsa ne ya binne bututunsu. Shekara biyu da suka wuce hawan jini ya kayar da shi, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, harshensa ya yi nauyi. Yana magana, amma sai ka zauna ka saurara, kuma a gidan ɗansa ba a cika samun mai lokacin zama ba. Aka ba shi ɗan ɗakin baya, wanda bangonsa ɗaya da banɗakin matar gida. Aka shimfiɗa masa katifa a ƙasa, jikin bangon, don kada ya faɗo daga gado.

Ɗan nasa, Alhaji Abdulrauf, mataimakin darakta ne a wata ma'aikata. Mutum ne mai fara'a da ƙamshin turare, ba ya wuce dattijo bai rusuna ba, muddin a waje ne.

Da sanyi ya shigo, Hajiya Zulfa ta ce ta gaji da dafa ruwan wanka a tukunya kamar 'yar ƙauye, hita take so, irin ta jikin bango. Aikin ya faɗa hannun ƙaninta Misbahu. Misbahu yana sa tayil, yana fenti, yana jan wayar wuta, yana gyaran fanka, kuma in ka matsa masa zai rubuta maka magani. Ya zo da hitarsa da wani siririn bututun jan ƙarfe mai sheƙi, ya ce irinsa ya gani a wani otal a Abuja, manyan mutane sun daina amfani da na roba.

Ranar ina gidan, na shiga gai da Baba. An fito da shi tsakar gida a kan kujerar roba yana shan hantsi. Misbahu ya fasa bangon banɗaki, ya yanke tsohon bututun ƙarfen da ke kawo ruwa daga tanki, ya fito da guntunsa yana nuna wa mijin yayarsa yadda sabon bututun yake shigewa cikin tsohon, kamar an yi su don juna. Sannan ya tsuguna ya fara yanka tsohon tiyub ɗin babur siri-siri, abin da zai naɗe mahaɗar da shi.

Baba ya fara buga sandarsa a ƙasa. Na matsa kusa, na yi ta haɗa kalmominsa ɗaya bayan ɗaya har na gane. Cewa yake yi bututun ƙarfe daga ciki ake auna shi, na jan ƙarfe kuma daga waje. Ana kiran kowanne rabin inci, amma sunan ne kawai ɗaya, jikin daban. Shi ya sa ɗayan yake lilo a cikin ɗayan. Ba a haɗa su sai da mahaɗar tagulla, mai zare a gefe ɗaya da noti a ɗaya gefen, abu ne da bai wuce tsawon ɗan yatsa ba. Kuma jan ƙarfe in ya zauna jikin baƙin ƙarfe cikin ruwa, cinye shi yake yi da tsatsa. Maganar da a da zai yi ta cikin numfashi biyu, ranar sai da ta ɗauke shi minti biyar, miyau yana zuba a kan rigarsa.

Na maimaita musu abin da ya ce. Misbahu ya yi dariya, ya ɗaga bututun biyu sama.

"Baba, wannan rabin inci, wannan ma rabin inci. Ilimin ya ci gaba tun zamaninku."

Alhaji Abdulrauf ya goge wa mahaifinsa baki da hankici, cikin ladabi, ya ce, "Baba, ka huta. Ka yi naka, ka bar yara su yi nasu."

Yaran suka yi nasu. Aka zura, aka naɗe da roba, aka shafa gam, aka yaɓa siminti, aka lulluɓe da tayil mai zanen furanni da aka ɗauko daga Kano. Ruwan zafi ya zo. Har matata aka kira ta je ta sa hannu ta ji.

Sai da aka yi wata biyu da 'yan kwanaki kafin katifar Baba ta fara wayar gari a jiƙe. Hajiya Zulfa ba ta ɓata lokaci wajen bincike ba. Ga tsoho, ga katifa, ga jiƙa; me ya rage? Baba ya nuna bango da hannunsa mai rai, ya ce, "Mahaɗa." Ya sake cewa, "Bango." Aka kira Alhaji Abdulrauf ya zo ya tsuguna a gabansa, ya sassauta murya irin yadda ake yi wa ƙaramin yaro, ya ce masa ba abin kunya ba ne, lalura ce, kowa ya daɗe zai gani, kada ya damu kansa da neman abin da zai ɗora wa laifi. Da zagi aka yi masa da ya fi sauƙi.

Daga nan gidan ya shiga neman magani, kuma ba za a ce ba su yi ƙoƙari ba. Da farko aka shimfiɗa leda a kan katifar, ƙarƙashin zanin gado. Gari ya waye ledar a bushe, zanin a bushe, ƙasan katifar sharkaf. Hajiya Zulfa ta ce mirginawa yake yi, ya yi a gefe, abin ya gangara ƙasa. Aka sayo famfas na manya, maigadi yana sa masa da yamma. Gari ya waye famfas a bushe, katifa a jiƙe. Maigadi ya faɗi haka, aka ce masa aikinsa ƙofa ne. Bayanin da aka tsayar shi ne Baba yana cire famfas ɗin, ya yi abinsa, ya mayar ya liƙe tsaf, duk da hannu ɗaya, don dai ya ba mutane wahala. Matata ta taɓa cewa ita fa ba ta jin wani wari a ɗakin. Aka ce mata maganin hawan jini ne yake kashe warin, Misbahu ya tabbatar. Da fentin bangon ya fara kumbura yana ɓarewa daga ƙasa, wannan ma an samo dalilinsa: turirin abin ne yake tashi yana cin fenti.

Sai aka koma kan ruwan sha. Alhaji Abdulrauf ya karanta a wayarsa cewa mai irin wannan lalura a rage masa shan ruwa da yamma. Aka ɗauke masa buta da kofi daga la'asar. Katifa ba ta ji ba. Aka dawo da dokar ta fara tun daga azahar. Aka soke kunun yamma, aka soke fura, aka soke kankana, da yake ita ma ruwa ce da ta sake kama. Wannan duk a watan Afrilu ne, lokacin da duwatsun Dutse suke mayar da zafin rana har bayan magariba, lokacin da mu masu lafiya muke yawo da gorar ruwa a hannu kamar carbi.

A da, ni da wani maƙwabci mukan riƙo Baba mu kai shi masallacin layi, azahar da la'asar, ya zauna a kujera a ƙarshen sahu. Wannan ce kaɗai fitarsa. Alhaji Abdulrauf ya same mu ya ce a dakata, saboda tsarki. Liman ya ce ai mai lalura yana da rangwame, ya yi alwalarsa ya zo ya yi sallarsa. Alhaji ya ce haka ne, Allah Ya gafarta Malam, amma shi mutuncin mahaifinsa yake karewa, kada wani abu ya faru a cikin jama'a. Bai ambaci kafet ɗin masallacin ba, wanda shi ya saya bara. Mu ma ba mu ambata ba. A makon nan aka ɗauke Alƙur'anin Baba daga ɗakin aka mayar falo, saman kabad, inda ba najasa, kuma ba mai buɗe shi.

'Yarsa Safara'u, da ke aure a Jahun, ta zo ta ga yadda ya koma. Ta yi kuka, ta wanke masa kaya, ta janye katifar daga jikin bango ta mayar tsakiyar ɗaki. Ɗakin kuwa ƙanƙane ne, in katifa tana tsakiya ƙofa ba ta buɗuwa sosai, don haka motarta ba ta bar tasha ba aka mayar da katifar mazauninta. Kafin ta tafi ta roƙi yayanta ya bar ta ta tafi da Baba, ko na wata biyu ne. Ya dube ta da mamaki. Ya tambaye ta me take so mutane su ce, a ji mataimakin darakta ya kasa riƙe mahaifinsa ya tura shi gidan suruki? Ya ce ba zai yarda a hana shi wannan lada ba.

Wata la'asar na shiga, na tarar da Baba kwance yana kallon rufi, leɓɓansa sun tsattsage. Ya kamo hannuna da ƙarfin da ban yi zaton ya rage masa ba, ya ja shi ta bayan katifa ya manna a jikin bango. Sanyi ƙalau, kamar jikin randa. Ya dube ni ya ce, "Choji." Ya maimaita har sau uku.

Na san Choji. Mutumin Filato ne, ya haura hamsin, shekara goma sha biyu ya yi a ƙarƙashin Baba kafin ya buɗe nasa shagon a hanyar Kiyawa. Na ce wa Baba zan kira shi. Amma da na fito sai na fara lissafin maƙwabtaka. Na ce bari dai na fara yi wa maigidan magana. Na tare shi bayan sallah na gaya masa na taɓa bangon, akwai danshi. Ya gode mini ƙwarai, ya ce danshin damina ne bai gama fita ba. Rabonmu da ruwan sama wata shida. Na ce haka ne, Alhaji, yana yiwuwa.

Abin da na iya shi ne na riƙa shiga da ruwan leda ɗaya a aljihu, in ba kowa na fasa masa. Yakan shanye ya tsotse ledar. Kwana huɗu na yi ina haka, a na biyar aka tsinci ledar a ƙarƙashin filo. Da yamma saƙon Hajiya Zulfa ya iso wa matata: a gaya wa masu tausayi cewa ba su ne ke ɗaga katifa ba, kuma an gano dalilin da ya sa abin ya ƙi sauƙi. Matata ta ce na rufa mata asiri, tare suke zuwa islamiyya da matar nan. Na rufa mata asiri. Na daina.

Mako biyu cur na yi kafin na je shagon Choji. Bai bari na gama bayani ba, ya ɗauki jakarsa ya hau bayan babur ɗina.

Da ya shiga ɗakin ya durƙusa ya ce, "Maigida, sannu." Baba ya daɗe yana kallonsa, sannan ya ce, "Jan ƙarfe. Cikin ƙarfe. Roba." Choji bai nemi a fassara masa ba. Ya janye katifa, ya shafa gindin bango da bayan hannunsa, ya ƙwanƙwasa da sufana, ya kara kunne. Ya miƙe ya gaya wa Alhaji Abdulrauf, wanda ke tsaye a bakin ƙofa, cewa mahaɗa ce take yoyo a cikin bango. Da rana ana ta buɗe famfo, zafi kuma yana shanye wanda ya fito. In an daina amfani da ruwa tanki yana cike, sai ya taru ya biyo gindin bango ya shiga ƙarƙashin katifa. Ya ce tayil biyu zai cire, aikin ba zai kai awa ɗaya ba, kuma ba ya son ko sisi, Maigida ne ya koya masa riƙe sufana.

Amsa ta fito daga bayan labulen falo. Hajiya Zulfa ta ce irin wannan tayil ɗin ya ƙare a kasuwa, in an fasa biyu an ɓata banɗakin gaba ɗaya. Ta ce in Misbahu ya ji an tone aikinsa saboda maganar mara lafiya, da wane ido za ta dube shi, ko so ake a raba ta da danginta? Ta ce kuma ita ba ta saba baƙon namiji ya shiga banɗakinta ba. Leburori uku da suka yi kwana biyu a ciki suna yaɓa siminti, da alama muharramanta ne.

Choji ya ce to shi ke nan, kada a fasa komai. A rufe ruwan daga tanki kwana ɗaya tak. In gari ya waye katifa a jiƙe, shi maƙaryaci ne, ba zai sake taka gidan ba.

Alhaji Abdulrauf ya yi murmushi ya dafa kafaɗarsa.

"Malam Choji, gidan nan akwai iyali. Ga zafin da ake yi. Ba za a hana mutane ruwa kwana guda saboda zato ba."

A bakin ƙofar mutumin da aka ɗauke wa kofi tun azahar ya faɗi haka. Ya ƙara da cewa yana da taro a Kaduna, in ya dawo za a zauna a duba. Ya raka mu har waje, ya yaba wa Choji bisa riƙon zumunci, ya ce irinsu sun yi ƙaranci a wannan zamani.

Bayan wannan rana Baba bai sake nuna bango ba. Bayansa ya fara gyambo saboda kwanciya a kan danshi, tari ya kama shi, idanunsa suka faɗa. In maigadi ya zo ɗaga katifa da safe, sai ya ja jiki gefe ya sunkuyar da kai ya ce, "Ku yi haƙuri." Kalmomin suna fita tar, don kullum yana maimaita su. Hajiya Zulfa ta ji daɗin wannan ci gaba. Ta gaya wa matata cewa alhamdu lillahi Baba ya daina musu, ya amsa da bakinsa, da tuni ya yi haka da ba a kai ga tara mata maƙwabta ba.

Alhaji ya dawo daga Kaduna, ba a zauna ba. A tsakiyar watan Mayu, wata Juma'a da safe, maigadi ya tarar da Baba ba ya gane mutane. Da ni aka ɗauke shi aka sa a mota. Bai fi nauyin buhun dusa ba. A asibiti likita ya ja fatar hannunsa ya saki, fatar ta tsaya a tsaye. Ya duba harshensa, ya duba bayansa, ya ce ƙodarsa ta taɓu, ƙirjinsa ya kamu, jikinsa babu ruwa. Ya ɗago ya tambaya kofi nawa yake sha a rana.

Alhaji Abdulrauf ya yi ajiyar zuciya ya ce, "Likita, ba ya son ruwa. Fama muke yi da shi."

Ina tsaye a wurin. Na duba takalmina.

Aka yi ta ɗaura masa ƙarin ruwa, leda bayan leda, abin da aka hana shi ta baki aka yi ta ba shi ta jijiya. Kwana shida ya yi. Ranar Alhamis da hantsi ya cika, Safara'u na riƙe da hannunsa.

Jana'iza ta yi jama'a. Aka kafa rumfa biyu a ƙofar gida, motocin ma'aikata suka cika layi. Abokan aikin Alhaji da 'yan kwangilar da ke hulɗa da ofishinsa ba su zo hannu sake ba: shinkafa buhu-buhu, sukari, taliya, man gyaɗa. Aka rasa inda za a sa, sai aka tuna akwai ɗaki a baya da ya zama babu kowa. Tun ranar da aka tafi asibiti aka ƙone katifar, kuma kullum Hajiya tana sa a wanke ɗakin da sabulu da turare don a kori warin da ba wanda ya taɓa ji, saboda haka jiƙar ƙasan ba ta ba kowa mamaki ba. Aka goge, aka jera buhuna a jikin bango, aka kulle.

Ranar sadakar uku da safe mata suka taru za a ɗora tukwane. Aka buɗe ɗakin. Buhu biyu na ƙasa sun jiƙe sharkaf, sukari ya narke ya malale, tururuwa ta yi sahu. Muryar Hajiya Zulfa har rumfar maza muka ji ta, abin da ba mu ji ba ranar rasuwa. Aka leƙo aka kira Misbahu. Ya shiga ya fito ya ce wataƙila rufin ne yake zuba. Har ranar ko yayyafi ba a yi ba.

Hajiya da kanta ta aiko a ce mini na kira Chojin nan, yanzu-yanzu, akwai sauran buhu takwas a ɗakin.

Cikin minti ashirin ya iso. Ba a yi maganar muharrami ba, ba a tuna tayil ya ƙare a kasuwa ba, ba a nemi jin ra'ayin Misbahu ba. Aka rufe ruwan gidan gaba ɗaya, ga baƙi fiye da ɗari, kuma ba wanda ya mutu. Choji ya cire tayil biyu ya farfasa siminti. Robar ta ruɓe ta zama kamar tsumma, tsatsa ta cinye bakin tsohon bututun, siririn jan ƙarfen yana lilo a ciki. Ya yanke wurin da ya lalace, ya fitar da sabon zare a bakin ƙarfen, ya ciro mahaɗar tagulla daga aljihunsa ya ɗaura, ya sa aka buɗe ruwa. Ko ɗigo. Kafin a kira azahar ya wanke hannu.

Ya fito riƙe da guntun da ya yanke, robar tana reto a jiki. Bai nufi babur ɗinsa ba. Ya cire takalmi ya shigo rumfa, ya ratsa mutane, ya durƙusa a gaban Alhaji Abdulrauf ya ajiye abin a kan tabarma.

"Alhaji, ga fitsarin Maigida."

Bai ɗaga murya ba, amma rumfar duka ta ji. Ya miƙe ya sa takalminsa ya tafi.

Mu kuwa mutane ne masu iya gyara zama. Alhaji Abdulrauf ya share ido ya ce Allahu Akbar, Allah Ya sa wahalar da Baba ya sha ta zama kaffara a gare shi. Muka ce amin. Misbahu ya ce matsalar ƙasar nan ke nan, robar yanzu ba ta da inganci. Wani daga ma'aikata ya ce bai kamata a bar kowa da kowa yana shigowa rumfar makoki yana faɗin abin da ya ga dama ba. Liman ya ce yau ba ranar tone-tone ba ce, a yi wa mamaci addu'a. Daga cikin gida kuma, ta bakin matata, na ji matsayar Hajiya: ita dai ta san abin da ta gani, duka biyun ne, bango yana yi, Baba ma yana yi. Wani ya sa ƙafa ya tura guntun bututun ƙarƙashin tabarma.

Wata uku mutum yana faɗin gaskiya a kan sana'ar da ya yi shekara talatin yana yi, a gidan ɗan da ya yi wa karatu da wannan sana'ar, bai samu a cire masa tayil biyu ba. Shinkafa ba ta ce komai ba, ta samu cikin awa ɗaya. Kuma mu da muka taɓa bangon da hannunmu, muka ji sanyinsa, muka koma gida muka yi lissafin gaisuwar safe da zaman islamiyya, ban san da wane suna za a kira mu ba. Maƙwabtan kirki, ina jin.

Shinkafar dai ta tsira. Mata suka baza wadda ta jiƙe a kan tabarmi, suka sa mai korar kaji, suna juya ta a kai a kai, ba wadda ta ce ta gaji. Da la'asar aka fito da manyan farantai, dafa-duka da nama zuƙu-zuƙu. Wani dattijo da ya zo daga Kiyawa ya ɗaga hannu ya yi wa Alhaji Abdulrauf addu'a, ya ce ya riƙe mahaifinsa har ƙarshe bai gajiya ba, Allah Ya ba shi 'ya'yan da za su yi masa kamar yadda ya yi. Rumfa ta amsa da amin mai ƙarfi. Alhajin ne kaɗai na ga bakinsa bai motsa ba.

Aka turo faranti gabana. Na wanke hannu. Ni ma na ci.